Wahalar Sufuri Ga Masu Buƙata Ta Musamman Tana Farawa Ne Tun Daga Bakin Ƙofa

Yayana ya kamu da cutar shan inna yana ɗan shekara uku, tun kafin a haife ni, saboda haka ban taɓa ganinsa tsaye a kan ƙafafunsa ba. Na tashi na same shi yana ɗinki da keken da ake juyawa da hannu, kuma da wannan sana'a ya yi aure, yake ciyar da iyalinsa, har ya taimaka wa mahaifiyarmu wajen biyan kuɗin makarantata. A cikin shagonsa babu abin da yake gagararsa. Abin da yake hana shi barci shi ne ranar da fita ta kama shi, ko zuwa asibiti, ko sayo yadi a kasuwa, ko gaisuwar rasuwa a wata unguwa mai nisa.

Kwanakin baya na raka shi ganin likita saboda hawan jini. Tsakanin gidansa da asibitin tafiya ce da mai lafiyar ƙafa zai yi cikin minti ashirin a adaidaita sahu, amma mu sai da ta cinye mana safiya guda. A bakin ƙofar gidan akwai kwata a buɗe, wadda sai da na kira wani maƙwabci muka ɗaga kekensa na guragu muka tsallake da shi. Lungun kuwa duk rairayi ne da ramukan da damina ta bari, ƙananan ƙafafun keken na gaba suna ta nutsewa. Da muka isa bakin titi sai aka shiga jira. Ɗan sahu zai rage gudu ya matso, da ya hango keken guragu sai ya kawar da kai ya ƙara wuta. Haka aka yi ta yi har na fara jin kunya a madadin mutanen garinmu, na ce masa, "Yaya, ka yi haƙuri, yanzu za mu samu." Ya dube ni ya ce, "Haƙuri ai mun saba da shi. Abin da ke ƙona min rai shi ne da kuɗina na fito, ba bara na zo yi ba." Wanda ya tsaya mana daga ƙarshe ya ce sai dai mu ɗauki shata, domin keken zai cinye wurin mutum biyu. Muka biya. A asibitin kuma an yi gangara a gefen matakala, amma tsayuwarta ta yi yawa, har sai da mutum biyu suka tura kafin ya hau.

Tun daga ranar nake ta juya wannan magana a raina, kuma abin da na fahimta shi ne tafiya kamar sarƙa take. Tana farawa daga ɗakin mutum, ta bi ta ƙofar gida, lungu, bakin titi, abin hawa, wurin sauka, tsallaka titi, har zuwa ƙofar wurin da aka nufa. Idan zobe ɗaya ya tsinke, tafiyar gaba ɗaya ta lalace. Mai lafiya yana tsallake kwata ba tare da ya san ya tsallake wani abu ba, shi ya sa masu tsara birane, waɗanda galibinsu lafiyayyu ne kuma a motocinsu suke yawo, ba sa ganin waɗannan wurare a matsayin matsala. Ga mai keken guragu kuwa, tudun da bai fi tsawon ɗan yatsa ba yana iya zama katanga.

Mutanen da abin ya shafa suna da yawa ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin ɗari na al'ummar duniya, suna rayuwa da wata nakasa mai tasiri, kuma mafi yawansu a ƙasashe masu tasowa suke. A arewacin Najeriya muna da namu dalilin na musamman. Shan inna ya daɗe yana yi mana ɓarna, kuma dakatar da allurar rigakafi da aka yi a wasu jihohi a 2003 ta ƙara wa cutar ƙarfi. An yi murna a watan Agusta na 2020 lokacin da aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar, amma waɗanda ta riga ta shanye wa ƙafafu suna nan tare da mu, yanzu sun zama magidanta da matan aure. Ga waɗanda haɗarin mota ya naƙasa, ga waɗanda rikicin arewa maso gabas ya raba da gaɓoɓinsu, ga makafi da kurame, ga tsofaffin da gwiwa ta gaza.

Idan maganar doka ake yi, ba mu da talauci. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin masu nakasa a watan Disamba na 2006, kuma sashe na 9 nata ya ambaci sufuri ƙarara a cikin abubuwan da dole a sauƙaƙa musu. Nijar ta tabbatar da yarjejeniyar a 2008, Najeriya kuma a 2010. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar haramta nuna wariya ga masu nakasa, wadda ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna wariya, da tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani. Dokar ta yi magana a kan titunan masu tafiya a ƙafa, da wuraren tsallaka titi, da motocin haya, da tashoshin jiragen ƙasa, na ruwa da na sama, ta kuma ba masu nakasa fifiko a layi. An ba da wa'adin shekara biyar domin a gyara gine-ginen jama'a da ababen hawa, aka kafa hukumar kula da masu nakasa ta ƙasa a 2020, wa'adin kuma ya cika a Janairun 2024. Duk mai shakka ya fita ya duba tashar mota mafi kusa da shi ya ga abin da ya canza. Ghana ma ta bi wannan hanya tun kafin mu: ta yi dokarta a 2006 da wa'adin shekara goma, wa'adin ya ƙare a 2016, ƙungiyoyin masu nakasa na can kuma har yau suna kuka da gine-gine da motocin da ba sa shiguwa. Rubuta wa'adi abu ne mai sauƙi idan ba a ware kuɗi ba, ba a kuma naɗa wanda zai bi diddigi ba.

Akwai biranen ƙasashe masu tasowa da suka nuna cewa abin mai yiwuwa ne. Birnin Kuritiba na ƙasar Birazil ya fara keɓe wa manyan motocin safa hanyarsu tun 1974, daga 1991 kuma ya gina tashoshin da daɓensu ya yi daidai da ƙasan motar, ta yadda mai keke zai gangara ya shiga ba tare da an ɗaga shi ba. Bogota ta ƙasar Kolombiya ta ɗauki wannan tsari a 2000, Darussalam ta Tanzaniya a 2016, Dakar ta Senegal kuma ta buɗe nata da motoci masu amfani da lantarki a 2024. Hikimar tana cikin daidaita tsayin tasha da na mota, abin da ba ya lalacewa kamar na'urar ɗaga keke, ba ya kuma jiran kayan gyara daga ƙetare. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar a 2011 ya nuna cewa idan tun wajen zane aka yi la'akari da masu nakasa, ƙarin kuɗin da sabon gini zai ci bai wuce kusan kashi ɗaya cikin ɗari ba. Fasa abin da aka riga aka gina domin a gyara shi ne mai tsada.

Sai dai ina ganin mun cika zuba ido a kan waɗannan manyan ayyuka, alhali kuwa mafi yawan jama'armu ba da su suke tafiya ba. Ko a Legas, wadda ta fara nata tsarin manyan motocin a 2008, ƙananan motocin haya ne suke ɗaukar kaso mafi girma na fasinjoji. A Kano, tun da aka hana sana'ar acaɓa a watan Janairu na 2013, adaidaita sahu ya zama ƙafar talaka. A ƙauyuka kuwa babur ne, ko motar ranar kasuwa da ake cusa mutane da buhuna tare, ko kwale-kwale a garuruwan bakin ruwa. Saboda haka duk gyaran da bai shiga cikin adaidaita sahu da tashar mota ba, ya bar yayana da dubban irinsa a bakin titi.

Na yi ƙoƙari in kalli abin ta fuskar ɗan sahu, domin zaginsa ba zai kai kowa asibiti ba. Mafi yawansu keken ba nasu ba ne. Akwai balas ɗin da za su kai wa mai shi da yamma, ga kuɗin mai, ga tikitin haraji, ga cefanen gida. A lissafinsa, tsayawa ya ɗauki mai keken guragu yana nufin minti biyar na ɗorawa da saukewa, da kujerar fasinja ɗaya ko biyu da za ta tafi a banza. Wasu kuma tsoro ne yake hana su, domin ba su san yadda ake riƙe mutum ba tare da an ji masa ciwo ba, wasu kuwa da sun ga mai nakasa ya ɗaga hannu sai su ɗauka sadaka yake nema. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan dalilai yana da magani. Ƙungiyoyin direbobi suna da iko a kan 'ya'yansu fiye da yadda kowace doka ta Abuja take da shi, domin su ne suke tsara layi a tasha, su ne suke hukunta wanda ya saɓa. Idan ƙungiya ta yanke cewa ba a karɓar kuɗin kaya a kan keken guragu ko sandar dogarawa, kuma kujerar gaba a motar haya ta mai nakasa ce idan ya zo, za a bi tun daga washegari. Gwamnatin jiha tana iya sassauta harajin yini ga masu adaidaita sahun da suka yarda aka gyara kekunansu, aka faɗaɗa mashiga, aka sa ƙarfen riƙewa da abin ɗora keke a baya, sannan a ba su wata alama da za a gane su da ita daga nesa, a kuma ajiye lambobin wayarsu a asibitoci da makarantu. Maƙeranmu da masu walda da suke ƙera keken guragu mai ƙafa uku daga bututun ƙarfe da kayan keke ba za su gaza wannan aiki ba.

Shi kansa wannan keke mai ƙafa uku, wanda ake tuƙawa da hannu, ya cancanci a tsaya a kansa. Ya 'yantar da mutane da yawa daga jan jiki a ƙasa, yana jure wa rairayi, kuma kowane mai gyaran keke yana iya gyara shi. Amma ba ya naɗewa, ba ya shiga adaidaita sahu ko tasi, saboda haka mai shi dole ya tuƙa shi har inda za shi. Tun da gefen titin da aka yi domin masu tafiya a ƙafa ya cika da tebura, da janareto, da motocin da aka ajiye, sai ya sauka kan kwalta ya gauraya da tirela da tifa, kansa kuwa bai kai tsayin tayarsu ba. Duk lokacin da yayana ya fita a kansa, matarsa ba ta samun natsuwa sai ta ji sallamarsa. Share gefen titi da rufe magudanan ruwa da murfi mai ƙwari aiki ne na ƙaramar hukuma, ba ya buƙatar bashin ƙasashen waje.

Tsallaka titi shi ne wurin da ci gaban da muke alfahari da shi ya fi cutar da su. An faɗaɗa tituna, an gina shinge a tsakiya, an ce kowa ya hau gadar masu tafiya a ƙafa. Gadar kuwa matakala ce zalla, ko kuma an yi mata gangarar da ko mai baro sai ya yi nishi. Ƙa'idar da masana gini suka fi amincewa da ita ita ce kowace mita ɗaya ta hawa a ba ta aƙalla mita 12 na tsawo, tare da wuraren hutawa a tsakani. Gadar da ta kai mita biyar a sama tana buƙatar gangara mai mita 60 a kowane gefe, kuma ko an yi ta daidai, hawanta da ƙarfin damtse a cikin zafin bazara azaba ne. A wurare da yawa abin da ya fi dacewa shi ne a bar mutane su tsallaka a ƙasa, a ɗaga wurin tsallakawar ya zama tudun rage gudu, a buɗe shingen tsakiya daidai faɗin keke, a sa fitilar ba da hannu mai ƙara domin makaho ya ji. Wannan ya fi gada araha, kuma yana amfanar tsohuwa, da mai ciki, da mai goyo, da mai tura kurar ruwa.

Na fi yin magana a kan guragu saboda su na fi sani, amma kowace lalura da irin nata cikas. A tashoshinmu da baki ake kiran gari, kamasho yana ta shela, kurma kuwa bai san wace mota ce tasa ba, kuma da wuya a sami ko mutum ɗaya a tasha da ya iya maganar hannu. Allo da aka rubuta sunan gari da kuɗin mota da boko da ajami zai raba wannan gardama, ya kuma hana a cuce shi a farashi. Makaho yana jin shelar, amma kwata a buɗe da turakun da aka kafa barkatai suna jiransa a hanya. A birnin Okayama na Japan aka fara shimfiɗa daɓe mai ƙuraje a 1967, wanda makaho yake ji da sandarsa ko tafin ƙafarsa ya san inda hanya ta miƙe da inda haɗari yake, yau kuma ya bazu a duniya. Mu a nan yaro muke ba shi ya yi masa jagora, kuma sau da yawa wannan ɗan jagora ɗan makaranta ne da aka cire daga aji. Ashe ke nan rashin gyaran hanya yana cin mutum biyu a lokaci guda.

Halin da mata suke ciki ya fi tsanani, kuma ba a cika faɗarsa ba saboda kunya. Namiji zai iya jurewa wasu ƙarti su ɗauke shi cak su sa a mota. Macen da ta san mutuncinta, a al'adarmu da addininmu, ba za ta so baƙon namiji ya rungume ta a bainar jama'a ba, saboda haka sai ta zaɓi zaman gida. Da haka awon ciki yake wucewa, makarantar Islamiyya ta gagara, biki da suna na dangi su wuce ba ta je ba. Hausawa suna cewa zumunci a ƙafa yake, wadda aka hana wa hanya kuwa an yanke ta daga dangi ba tare da ta yi laifin komai ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta haura haka sosai. Kowa ya ji a jikinsa, amma wanda dole ya biya kuɗin kansa, da na mai rakiya, da na keke, ko ya ɗauki shata, nauyin ya ninka masa.

Al'ummarmu tana da tausayi, kuma ba na raina wannan. Sau da yawa na ga matasa sun taso da gudu sun ɗaga keken yayana ba tare da an roƙe su ba. Amma mun saba kallon mai nakasa a matsayin wurin neman lada, mu miƙa masa sadaka ta tagar mota mu wuce, ba mu saba kallonsa a matsayin fasinja mai haƙƙi ko ma'aikacin da yake sauri kada ya makara ba. Addinin da muke bi ya koya mana fiye da haka. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, amma ladani ne a masallacin Manzon Allah (SAW), kuma an sha bar masa riƙon Madina idan an fita. Hadisi ya lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya a cikin rassan imani. Kwatar da aka bari a buɗe a ƙofar masallaci ko makaranta tana cikin abin cutarwar da ake nufi.

Gangarar da muka gani a asibiti ta nuna mini wani abu kuma. Wanda ya ba da umarnin a yi ta yana da kyakkyawar niyya, an kashe siminti da kuɗi, amma babu wanda ya kira mai keke ya gwada kafin a gama. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muna da sarakunan makafi da na guragu a garuruwanmu tun zamanin da, muna da ƙungiyoyin masu nakasa a kowace jiha, cikinsu akwai injiniyoyi da lauyoyi da malamai. Bai kamata a karɓi titi, ko gada, ko tasha daga hannun ɗan kwangila a biya shi cikon kuɗinsa ba, sai mai keke da makaho da kurma sun bi ta wurin da kansu sun tabbatar cewa yana biyuwa.

Bayan dawowarmu daga asibiti na yi magana da mai unguwa da maƙwabta, muka haɗa kuɗi aka zuba murfin kankare a kan kwatar ƙofar gidan yayana, aka kuma cike ramukan lungun da ɓaraguzan bulo. Yanzu yana fita da kansa har bakin titi ba tare da ya aika a kira kowa ba. Wani ɗan sahu na unguwar ya ba shi lambar wayarsa, sun daidaita a kan farashi, shi yake kai shi ganin likita duk wata. Babbar magudanar da ke bakin titin ta fi ƙarfin aljihunmu, don haka mun rubuta wa ƙaramar hukuma takarda da sa hannun magidanta na layin, kuma ranar Litinin mai zuwa ni da mai unguwa za mu koma mu ji inda aka kwana.